Harafin da Inna Lahadi Ta Haɗiye

Innata Lahadi tafinta ce a asibitin mishan da ke yankinmu na Madawa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana zama tsakanin likita da majinyaci, wannan ya faɗa mata da Hausa ta mayar wa wancan da Ingilishi. Ba ta da takardar shaidar Ingilishi ko guda. Ni ɗiyarta Esther, ni ce na yi karatun har Yamai, yanzu kuma ina koyar da shi a kwaleji a Buza. Amma in muka zauna da baƙo Bature magana ta ɗaure, ita yake juyawa ya kalla, ba ni ba.

A wani ƙauye kusa da Bangi aka haife ta, ranar Lahadi, shi ya sa sunan. Mahaifinta Yosefu manomin hatsi da dawa ne, kuma gidansa na cikin gidaje uku na Kirista a ƙauyen. Da Layya maƙwabta su aiko musu da nama, da Nowel su ma su aika da shinkafa. Ta yi lakwal har aji shida, ba ta ci jarrabawar shiga kwaleji ba, ta koma gona da ɗan Faransancin da ya maƙale mata. Tana da shekara goma sha takwas ciwon ciki ya kwantar da mahaifiyarta, aka ce sai an yi aiki. Ita ta rako ta asibiti, suka yi sati shida. Inna ba ta iya zama hannu sake ba, sai ta riƙa taya masu wankin zannuwan gado. Ranar da aka sallami tsohuwar, shugabar masu wankin ta ce ko za ta tsaya. Ta kai uwarta gida, ta nemi izinin mahaifinta, ta dawo da ɗaurin kayanta. A nan ta haɗu da Babanmu Ezra, kafinta mai gyaran gadaje da ƙofofin asibitin.

Ingilishi da kunne ta fara ɗaukarsa. Bayan shekara biyu aka mayar da ita sharar ɗakin mata, inda likitoci ke zagayawa kowace safiya. Wasunsu sun daɗe har Hausa ta zauna a bakinsu, wasu kuwa wata uku kawai suke yi su koma, ba Hausa ba Faransanci. Wata ma'aikaciyar jinya Baturiya da ake ce wa Doguwa ta lura cewa in likita ya nemi abu da Ingilishi, kafin a juya maganar mai sharar nan ta miƙo shi. Ta saya mata kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ta riƙa zama da ita a gindin bedi bayan an tashi aiki.

Inna mai son ƙa'ida ce, a girki ma haka take. Ranar da Doguwa ta nuna mata cewa in abu ya riga ya wuce sai a liƙa wa kalmar aiki ed a wutsiya, ta koma gida da murna, tana ganin ta gama da rabin harshen. Ta shiga liƙa wa kowace kalma. Ana nan wata safiya aka rasa tafinta, aka ce ta gwada. Wata mata ta ce jiya ta ji zazzaɓi, Inna ta daidaita murya ta ce wa likita matar feeled zazzaɓi. Likitan ya gane, ya rubuta magani. Da yamma Doguwa ta gaya mata cewa akwai kalmomin da ba su yarda da wutsiyar nan ba, kowace da irin tata kamar. Feel in ta wuce felt take komawa. Inna ta tambayi dalili, Doguwa ta ce ita ma haka ta tarar. Daga ranar Inna ta sa musu suna masu taurin kai, ta ware musu shafin ƙarshe na kayenta, felt ce ta farko a jerin.

Kuma kalmar nan ce ta fi kowacce shiga bakinta, domin kusan duk wanda ya zo asibiti da "na ji" yake fara magana. Abin da ya ba ta wahala shi ne jin namu faɗi gare shi. Da shi muke jin kiran salla da ƙararrawar coci, da shi muke jin ƙanshin miya da ɗacin magani, da shi muke jin sanyi da tsoro. Ingilishi ya raba su gida-gida. Felt nata shi ne abin da jiki ya ji ko zuciya ta ji, kuma a lokacin da ya shige. Na kunne da na hanci kowa da tasa kalmar. Saboda haka in majinyaci ya ce "na ji", Inna takan jira ƙarshen zancen kafin ta san ƙofar da za ta bi. Ta ce mini aikin ne ya koya mata kada ta tari numfashin mutum.

Ta kai shekara takwas tana tafinta lokacin da aka kawo Kalla. Maginin rijiya ne daga Garhanga, can ƙasar Keita, dattijo gajere mai faɗin kafaɗu, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Ɗiyarsa Mardiya ce ta matsa masa suka zo, don shi bai ga abin zuwa asibiti ba. Da ƙafarsa ya tako daga tasha. Likitan da ke duba mutane ranar sabon zuwa ne, satinsa biyu, ana ce masa Jan Gemu.

Kalla ya ce shekaranjiya yana ƙasan rijiya yana haƙa, sai ya ji jiri, ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, har ya girgiza igiya aka jawo shi. Wannan ne karo na uku a wata guda. Inna ta juya ga likita za ta ce he felt dizzy in the well, wato ya ji jiri a cikin rijiya. To, harshen Bahaushe ba ya son kalma ta ƙare da baƙaƙe biyu a manne, ga shi ranar layi ya yi tsawo tana sauri. Sai t ɗin ƙarshe ya maƙale mata a maƙogwaro. Abin da ya shiga kunnen likita shi ne fell, wadda ita ma mai taurin kai ce, amma ta gidan fall, ma'anarta ya faɗi.

Jan Gemu ya ajiye bik ya tambayi zurfin rijiyar. Kalla ya ce gaba goma sha biyar, da ɗan alfahari. Likitan ya miƙe tsaye. Ya sa aka kwantar da dattijon, ya shiga latsa haƙarƙarinsa da gadon bayansa da wuyansa, yana tambaya ko nan da zafi. Kalla yana cewa babu. Aka kawo gadon turawa, aka ce kada ya motsa kai, aka nufi ɗakin hoton ƙashi da shi. Mardiya ta biyo Inna a baranda ta riƙe mata gefen zane, ta tambaye ta me ya haɗa ƙirji da hoton ƙashin baya. Inna ma abin bai zauna mata ba. Ta koma ta tambayi likitan. Ya ce mata mutumin da ya faɗa rami mai wannan zurfi ya taso da ƙafarsa, ai dole a duba kowane ƙashi. A bakinsa ta ji kalmar sarai, fell, ta gane inda aka rabu.

Da ta yi shiru, da an ɗauki hoton an ga ƙashi lafiya, an ce dattijo ya yi sa'a an sallame shi da maganin ciwon jiki, ba wanda zai san daga ina kuskuren ya fito. Amma abin da ya kawo shi yana nan ba a taɓa ba. Ta gaya wa likitan cewa ita ce ta faɗi kalmar ba daidai ba, mutumin bai faɗi ba. Ta dafa ƙirjinta ta sake faɗin felt, ta buga t ɗin da ƙarfi har yawu ya fita. Jan Gemu ya tsaya kallonta, sannan ya yi wata ƴar dariya ta wanda aka sauke wa kaya, ya aika a dawo da gadon.

Saura kuma ta yi wa Kalla bayani. Da ya fahimci abin da likita ya zata, ya tashi zaune a kan gadon, ransa a ɓace.

"Ni na hwaɗa rijiya? Wa yac ce haka? Shekara arba'in ina shiga ina hita, ko santsi ban taɓa yi ba."

"Ni ce, Baba," in ji Inna. "Harahi guda na haɗiye, shi ya juya maganar. Ka yi mini gahwara."

Ya tambaye ta wane harafi. Ta yi masa sautin, ɗan ƙaramin tsaki a bayan haƙora. Ya maimaita sau biyu, ya dubi Mardiya, ya girgiza kai.

"Ɗan wanga abu shi ya jehwa ni gaba goma sha biyar? To, ɗiyata, ki riƙa tauna shi da kyau."

Likita ya saurari ƙirjinsa ya auna jininsa, ya tarar tansiyo ya hau sosai, zuciyar kuma tana tsallake bugu. Ya ce akwai magani, in ya riƙe shi zai daɗe, amma shiga rijiya ya ƙare daga yau. Inna ta mayar da maganar a hankali. Likita ya ce a tambayi Kalla yaya yake ji, ya ce alhamdu lillahi, Inna ta ce wa likita yana gode wa Allah, aka rubuta takardar magani.

Da ta fito shan ruwa ta same shi zaune a benci shi kaɗai, Mardiya ta tafi karɓo magani. Ta gaishe shi ta zauna daga gefe. Can sai ya fara magana, ba tare da ya dube ta ba. Ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinsa ya fara saukar da shi, kuma a ƙasarsu ta duwatsu ba a kiransa sai da rijiya a bayan sunansa. Ya ce lokacin da likita ya yi maganar nan, ya ji kamar an zare masa igiya daga ƙugu. Inna ta tambaye shi ko ya yarda ta kai wa likita wannan. Ya ce in tana ganin da amfani.

Ta kai, kuma wannan karon felt ta fita cikakkiya. Jan Gemu ya bar mutum uku suna jira, ya fito ya zauna a bencin. Bai ba shi haƙuri ba, tambayarsa ya yi yadda ake gane inda ruwa yake a ƙasa mai dutse. Sai bakin Kalla ya buɗe. Ya yi maganar itatuwan da ba sa tsayawa sai inda jijiyarsu ta taɓa laima, da inda tururuwa ke fito da jiƙaƙƙen yashi a tsakiyar rani, da launin laka in an kusa, da yadda ake ɗaure bakin rijiya kada ta rufta. Inna ta ce ba ta taɓa yin gumi a tafinta irin na ranar ba, rabin kalmomin da hannu ta kwatanta su. Da ya gama, likitan ya ce a gaya masa duk abin da ya lissafa babu wanda sai an sauka ƙasa ake yinsa. Kalla ya ce samarin yanzu ba sa jin magana. Likita ya ce wannan kuma ba shi da maganinsa. Suka yi dariya su uku.

A gida kuwa sai muka shiga uku da t. Ina ƴar shekara tara lokacin, ina tunawa da Inna tana daka tana buga kalmar tare da taɓarya. Da ta ƙi haɗiye harafin, sai harshen ya ƙara masa wasali, ta koma felti. Baba yana fiƙe katako a zaure ya jiyo, ya sa mata suna Madan Felti, kuma har yau in yana son tsokanarta haka yake kiranta. Ita ta ce ta yarda, gara ta ƙara da ta rage, domin felti ba ta taɓa jefa kowa rami ba. Sai da ta yi wata da watanni kafin t ɗin ya tsaya shi kaɗai.

Daga nan ta ƙara sa ido a kan kalmar, ta gano mata wasu lunguna. In Bahaushe ya ce "na ji ciwo", ba yana nufin zafi ya ji ba, rauni ya samu, felt ba ta da wuri a nan. In ya ce "na ji sauƙi", maganar ta yi kama da ta abin da ya wuce, alhali yanzu yake nufi, don haka feel ce ba felt ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a wurin likita, domin ciwon da aka ji jiya ya tafi daban yake da wanda ake ji yanzu. Kuma in likita ya latsa cikin mutum ya ce I felt wani abu, ba zuciyarsa ce ta raya masa ba, yatsunsa ne suka lalubo. Wata mata daga Tabotaki, Zinariya, ta taɓa ƙin yarda a yi mata aiki saboda wani ya fassara mata cewa likita yana jin kamar akwai ƙari a cikinta. Ta ce ba za a yanka ta a kan kamar ba. Aka kira Inna, ta ɗauki hannun matar ta ɗora a wurin, ta ce mata likita da hannu ya taɓa ya ji, ga shi nan ke ma taɓa. Matar ta taɓa, ta yarda, bayan kwana goma ta koma gida.

Shekarar da na shiga aji biyu na kwaleji, malaminmu ya ba mu takardar masu taurin kai mu haddace, layi uku a jere. Na zo gida ina rerawa, feel felt felt, fall fell fallen. Inna ta karɓi takardar ta daɗe tana dubawa. Abin da ta yi shekaru tana tsinta ɗaya-ɗaya daga bakin likitoci, ga shi an jera a shafi guda ana raba wa yara. Na zaci za ta ji haushi. Sai ta ce ashe ba su ma kai yawan da take tsoro ba. Ta ɗauko tsohon kayenta muka gwada, muka tarar guda goma sha ɗaya ne kawai ba ta da su, ita kuma tana da uku da babu a takardar malam.

Kalla ya riƙe magani. Duk wata uku yakan zo a auna shi, kuma ko wane likita ya tarar, sai ya ce a nemo masa ɗiyarsa Lahadi. Bai sake sauka rijiya ba. Yakan zaɓi wuri, ya zauna a baki a kan buzunsa, samari suna ƙasa suna turo masa laka a guga yana murzawa yana shinshinawa, yana gaya musu saura gaba nawa. Haka ya yi kusan shekara ashirin. Da tafiya ta fara yi masa nauyi, Mardiya ta riƙa zuwa karɓo masa maganin, har wata rana ta zo da saƙo cewa Kalla ya ce shi ya yi ta zuwa, yanzu saura Inna ta je wurinsa.

Bayan kaka muka tafi, ni da ita. Ta iso Buza ta kwana a wurina, da safe muka shiga motar kasuwa muka bi ta cikin jajayen duwatsu, ana ta sauke mutane da buhuna a hanya. Inna ba ta taɓa zuwa ƙasar Keita ba sai ranar, ko da yake ta san sunayen ƙauyukanta kaf daga bakin majinyata. Duk allon da muka wuce sai ta ce ta san mutum a nan.

Mun sami Kalla ya tsufa, ido ya rage, amma murya na nan. Bai bari mun gama shan furar da aka kawo ba, ya ɗauki sanda ya ce mu bi shi. A bayan gari akwai rijiya mai bakin siminti, mata na ja, wasu makiyaya na jiran layi da raƙuma biyu da garken awaki. Ya ce ita ce ta ashirin da biyu tun da ya bar sauka, kuma ta fi duk waɗanda ya haƙa da hannunsa ruwa. Ya sa aka jawo guga, ya ce Inna ta sha. Ta tara hannu biyu ta sha, ta wanke fuska, ta ce ruwan ba gishiri ko kaɗan. Ya juya ga matan da ke wurin ya ce su gaishe ta da kyau, wannan ce ɗiyarsa ta asibiti, Kirista ce daga Bangi, ita ce bakinsa a gaban likita shekara ashirin. Matan suka ajiye igiya suka zo ɗaya bayan ɗaya. Biyu a cikinsu Inna ta gane su, ɗaya ma ta tambaye ta lafiyar ƙafar mijinta.

Kwana biyu muka yi. Da za mu taho Mardiya ta ɗaure wa Inna zabi biyu da ƙullin kuka da ɗan buhun wake, Kalla ya rako mu har inda mota ke tsayawa, yana ta faɗa da direba a ba ta gaba. A hanya barci ya ɗauke ta, zabin na kan cinyarta, ni na riƙe mata kai kada ya bugi ƙofa.

Yanzu da safe kawai take aiki. Asibitin ya ba ta sababbin tafintoci biyu tana zama da su, da la'asar kuma ita da Baba suna garkar albasarsu a bakin fadama. Zabin nan Baba ya hana a yanka, ya ce a bari a gani. Suka yi ƙwai kaza ta ƙyanƙyashe, yanzu sun kai goma sha huɗu, kuma maƙwabta sun fara kawo ƙara a kan kukansu na safiya.